Abin da ya sa muka ƙaunaci Bedford, da yadda na rasa tawa

Ka tambaye ni jiya da yamma, muna cikin kwance giyar tirelar nan, me ya sa tsofaffin direbobi ba sa gajiya da yabon motocin Ingila, alhali a ganinka DAF ɗaya za ta kwashe kayan Bedford biyar ta kuma riga su isa Legas. Ban amsa maka a lokacin ba, domin tambayar ta fama mini wani miki da ya shekara arba'in bai warke ba, na kwana ina juyi da shi. Yanzu zan amsa maka, amma ka saurara da kyau, ɗana, domin ba zan maimaita ba.

Lokacin da na shiga tasha ina karen mota, in ka ce gingimari to motar Ingila kake nufi. Austin, Morris, Commer, Albion, Leyland, ga kuma uwar tafiya, Bedford. Su ne suka yi jigilar gyaɗa daga ƙauyuka zuwa Kano, su suka kwashi auduga a Funtuwa da Gusau, su suka hauro mana da goro daga Kudu. Kamfanin Vauxhall ne ya fara ƙera Bedford a garin Luton a 1931, daga baya aikin manyan motocin ya koma Dunstable. Wadda muka fi sani, mai dogon hanci, ita ce TJ da ta fito a 1958, kuma a Apapa wani reshen kamfanin UAC yake harhaɗa ta. Kai da shasi kawai ake sayar maka, sai ka kai wa kafintoci su ɗora mata bodin katako, mai fenti ya rubuta maka abin da zuciyarka ta zaɓa a goshinta.

Masu motoci sun so ta ne saboda lissafi. Kuɗinta bai kai na sauran ba, kayan gyaranta kuwa ko a ƙaramin gari ka tsaya za ka samu, sabo ko na hannu. Injinta mai silinda shida ne, akwai na fetur akwai na gas wanda ake kira 330, kuma in ka ɗaga hancinta komai a fili yake, hannunka zai kai ko'ina ba tare da ka kwance rabin mota ba. Na sha canza gasket a gindin bishiya tsakanin Tegina da Mokwa, ni da yarona, da sifana biyar da fitilar ƙwai, gari na wayewa mu kama hanya. Ba zan tsaya ina gaya maka yadda ake fitar da iska daga famfon gas ko yadda ake duba baƙin mai ba, wanda bai san wannan ba bai kamata ya taka ƙofar gareji ba. Motocinku na yau kuwa, in wata 'yar fitila ta kama a gaban direba sai ya kashe mota ya zauna yana latsa waya, yana jiran mai kwamfuta ya zo daga Kano ya gaya masa abin da ke damun motar da shi yake tuƙa ta.

Mu direbobi abin da ya ɗaure mu da ita daban ne. Motar tana magana. Ta sitiyari kake jin taya ta fara saki, ta kujera kake jin kaya sun karkata, ta ƙarar inji kake sanin lokacin canza giya ya yi. Mutanen Sudan, waɗanda suka daɗe suna sabunta tsofaffin TJ suna ratsa rairayi da su, Sifinja suke kiranta, wato soso, saboda laushin tafiyarta. Manyan yayyenta irin su Foden da Atkinson da ERF, waɗanda aka fi sani da injin Gardner da ake ƙerawa a wancan lokacin a Patricroft kusa da Manchester, su kuma an san su da ƙarancin shan mai da daɗewa. Injin ne mai juyawa a hankali, ba ya gaggawa, sai dai ya gajiyar da direba kafin shi ya gaji. Giyarsu ba ta shiga da ƙarfin tuwo, sai ka taka kuloci sau biyu ka daidaita da muryar inji, in ka kuskure ta yi maka kukan da duk tasha za ta ji. Maigidana, Allah ya jiƙansa, in ya ji wannan kukan daga hannuna ba ya cewa komai, sauka yake sa ni in yi in koma baya kan kaya har tsawon mako.

Amma Bedford tana da iyaka, kuma ba ta yafe wa wanda ya ƙetare ta. J6, babbar cikin jerin TJ, tan bakwai aka yi ta ta ɗauka. Birkinta na mai ne, ba na iska ba. Ka riƙe waɗannan abubuwa biyu, domin a kansu na yi asarar da ta karya ni.

Shekara bakwai na yi ina karen mota, ina barci a ƙarƙashin mota, ina gudu da weji a kafaɗa duk inda aka tsaya a kan tudu. Na yi wasu shekarun ina tuƙa wa wani Alhaji, ina tara kwabo da sule, har bayan canjin kuɗi da 'yan shekaru na sayi J6 tawa ta kaina, ta hannu, mai injin gas, rabin kuɗin bashi ne. Na sa aka yi mata sabon bodi, aka shafa mata koren fenti. Wata goma sha ɗaya na yi da ita ko taya ban taɓa fasawa ba.

Wani dare a Bukuru wani ɗan kasuwa ya same ni, ya ce yana da dankalin Turawa da za a kai Makurɗi. Mutum ne mai fara'a, ga carbi a hannu, ga dogon gaisuwa, har ya san sunan maigidana. Muka yi ciniki, ya ƙara mini a kan abin da na nema ba tare da na roƙa ba. Ya ce sitonsa yana bayan gari, in kai motar in bar masa, yaransa za su yi lodi cikin dare, ni in je in huta tun da tafiya ce mai nisa. Ya ba yarona kuɗin tsire ya ce ya je ya ci. Da asuba na dawo na tarar an gama, an ja tamfol an ɗaure tamau da igiya sabuwa.

Na zagaya motar kamar yadda aka koya mini. Na durƙusa na leƙa ƙasa, na ga sifirin na baya ya miƙe sambal, babu sauran lanƙwasa a jikinsa, tayoyin baya kuma sun yi ciki har suna neman taɓa juna. Idona ya gani, ɗana, kada ka ce ban gani ba. Na ce masa, Alhaji, wannan nauyi ya wuce na dankali. Ya dafa ƙirji ya rantse da Allah cewa ruwan sama ne ya jiƙa buhunan, ya ce in ina shakka a kwance a ƙirga, amma in dankalinsa ya ruɓe a rana ni zan biya. Sannan ya zaro wasu kuɗin ya cusa mini a aljihu. Na tuna bashin da ke kaina, na ji kunyar ƙaryata mutumin da ya ambaci sunan Allah, na hau na tayar da mota. Shi bai shiga ba, ya ce zai same mu a Akwanga.

Ka san Hawan Kibo, amma ka san shi ne a cikin mota mai birkin iska. Tun daga saman gangaren na sa giya ta biyu, wadda da tan bakwai takan riƙe motar ba sai na wahalar da birki ba. Ran nan kayan suka riƙa tura mu kamar ana ingiza mu da hannu, inji yana ihu, ina taka birki ina saki, ina takawa ina saki. Kafin kwana ta uku warin birki ya cika kan motar, sai na ji feda ta yi laushi, ta tafi har ƙasa ba ta kama komai ba. Na nemi giya ta ɗaya, ta ƙi shiga, domin gudun ya riga ya wuce inda za ta karɓa. A gabana akwai wata motar fasinja cike da mata da yara. Na daka wa yarona tsawa ya dira, ni kuma na karya sitiyari na haɗa motar da jikin dutse.

Allah ya yi da sauran kwanana. Yaron ya karye a cinya, har ya rasu yana ɗingishi. Shasin ya murɗe, injin ya tsage, bodin da ban gama biyan kafinta ba ya tarwatse. Da na rarrafo na fito, sai na ga dankali yana gangarawa kan kwalta, a ƙarƙashinsa kuwa ƙananan buhuna sun fashe, wani baƙin yashi mai nauyi yana zuba. Kuza ce. Jeri biyu na dankali ya shimfiɗa a sama, ƙasan duk kuza, wadda buhunta ƙarami sai ƙato ya yi nishi kafin ya ɗaga. Ina asibiti wajen yaron, ɗan kasuwar ya zo da wata mota da dare ya kwashe kuzarsa, ya bar mini dankalin. Da na same shi bayan mako biyu ya dube ni ido cikin ido ya ce bai taɓa ganina ba. Babu takarda tsakaninmu, babu shaida sai 'yan lodinsa, kuma masu hankali suka ba ni shawara in yi shiru, domin kuzar ba ta da izini, in magana ta je hukuma direban da ya ɗauko ta za a fara kamawa. Shekara tara na yi ina tuƙa motar mutane kafin in gama biyan bashin motar da na sayar wa 'yan gwangwan. Har gobe in na ji wani yana cewa birkin Bedford ba shi da kyau raina ɓaci yake yi, domin motar ta gaya mini gaskiya tun a Bukuru, mutum ne ya yi mini ƙarya.

Irin wannan hali na masu kaya yana cikin abin da ya kori motocin Ingila daga hanyoyinmu. Da Marsandi 911 ta shigo, aka ga tana jure lodin zalunci fiye da Bedford, sai kowa ya koma can. Ga shi kuma an yi canjin hannu ranar 2 ga Afrilu 1972, muka koma tuƙi ta dama, tsofaffin motocin masu sitiyari a dama suka zama wahala wajen wuce mota. An kafa masana'antar Leyland a Ibadan, amma ba ta dawo da kasuwar ba. A can Ingila ma aka daina ƙera manyan Bedford a 1986, sannan a 1987 sashen manyan motoci na Leyland ya haɗe da DAF ta ƙasar Holan. Wannan DAF da kake yi mini alfahari da ita, har yau akwai waɗanda ake harhaɗawa a garin Leyland, amma na tabbata ba ka taɓa tambayar inda ta fito ba, ku dai ku ga mota mai sanyi da rediyo.

Gobe bayan sallar asuba za a yi wa motar Alhaji lodin masara a kasuwar hatsi. Ka riga ni zuwa, ka ajiye wayar nan a aljihu, ka tsaya a kan 'yan lodi ka ƙirga kowane buhu da bakinka. In sun gama ka shiga ƙarƙashinta ka dubi sifirin da tayoyi, kafin in iso ina so ka gaya mini tan nawa ke kanta, sannan mu hau sikeli mu gani.