Tambaya da amsa: Sai an yi dukan gaske ne faɗan fim ke yin kyau?

Tambaya: Malam, daga wani ƙauye nake kusa da Ringim. Ni da abokaina muna ɗaukar gajerun finafinan faɗa da waya, muna kwaikwayon Mortal Kombat da muke gani a gidan kallo. Wani da ke koya mana, muna ce masa masta, ya ce abin da ya sa wasanmu ba ya armashi shi ne muna tsoron dukan juna, wai su can dukan gaske suke yi. Makon jiya ƙanena ya sha ƙafa a gefen kai, ya yi amai sau biyu, har yau yana kukan ciwon kai. Mu ne ba mu iya ba, ko yaya abin yake?

Amsa: Ƙanena, kafin mu shiga zancen fim, ka kai yaron nan asibiti yau. Duka a kai, ga amai, ga ciwon kai da ya ƙi tafiya, wannan ba na jiƙo ba ne, ba kuma na mai kemis ba. Likita ne zai duba ko ƙwaƙwalwa ta girgiza ko jini ya taru a ciki.

To, mu koma kan fim. Finafinan da aka ciro daga wasannin bidiyo, wato gem, irin su Mortal Kombat ɗin da kuke kwaikwayo, sun daɗe da shan suka a kan raunin wasan 'yan wasansu, kuma dalilin a fili yake. A cikin gem, jarumi kaya ne da salon duka. Mai riƙe da madanni ba ya tambayar me ke ransa. Idan aka zo fim, marubuci ya tarar labarin da zai ɗora a kai ba shi da yawa, furodusa kuma ya shiga tsaka mai wuya: ya ɗauko gwanin faɗa da bai iya magana gaban kyamara ba, ko gwanin wasa da bai iya ɗaga ƙafa ba. Dubi Street Fighter na 1994. Jean-Claude Van Damme ne mai ƙafar, amma wanda mutane ke tunawa shi ne Raul Julia da ya fito a Bison, mugun fim ɗin, ɗan wasan dandamali, ba ɗan faɗa ba, yana fama da rashin lafiya har ya rasu kafin fim ɗin ya fito. A Mortal Kombat na 1995 ma, Cary-Hiroyuki Tagawa da ido da murya ya tsoratar da mutane. Na 2021 kuwa, faɗan farko tsakanin Hiroyuki Sanada da Joe Taslim ya shiga rai ne saboda ka ga an kashe wa mutum mata da ɗa, ka san abin da ya sa yake duka.

To, zancen mastanku. Wallahi na gaji da jin wannan magana, duk inda na je horar da yara sai na tarar wani ya riga ya shuka ta. A ƙa'ida, ba a dukan gaske a fim. Naushin yana wucewa ne kusan kamu ɗaya daga fuska, an ajiye kyamara ta bayan kafaɗar mai duka yadda tazarar ba za ta fito ba. Wanda aka kai wa shi ke da babban aikin: ya juya kai a daidai lokacin, ya saki gwiwa, ya ɓata fuska. Ƙarar nan da kake ji, tim, daga baya ake sa ta a kwamfuta. Faɗuwa a kan katifa ake yi, kuma motsi ɗaya ana iya maimaita shi a hankali, ana ƙirga ɗaya, biyu, uku, har jiki ya haddace, sannan a ƙara sauri. Idan ɗan wasa ya ji rauni a wajen ɗauka, kuskure aka yi, aiki tsayawa yake, kuɗi ake asara.

Kai da ka tashi kana kallon dambe bayan girbi, ka san yadda dukan gaske yake. Tsayuwa ce mai tsawo, zagaye, riƙe-riƙe, sai hannu ɗaya ya sauka, kafin ka ƙifta ido an yi kisa. A waya ma ba ya fitowa da kyau, domin wanda ya sha duka da gaske runtse ido yake ya dunƙule, ya manta da kyamara. Mutumin da yake tsoron ƙafar abokinsa ba zai taɓa sakin jiki ya yi wasa ba, shi ya sa naku ke fitowa a sandare.

Abin da ya fi ƙona mini rai, irin waɗannan mastocin ba su taɓa tsayawa bayan kyamara ba. Na ga wanda ke sa yara 'yan shekara 12 alkafura a kan busasshiyar ƙasar fili, yana karɓar kuɗinsu, in wuya ya gurɗe ya ce ragwanta ce. Wani har laya yake sayar musu wai duka ba zai shiga ba. Yaran nan amana ce a hannun duk babban da ke wurin, kuma kai ne babba a wurin ƙaninka; Allah zai tambaye ka kafin ya tambayi mai waya. Ku rabu da mutumin nan. In yaron ya warke kuma likita ya yarda, ku samo tsohuwar katifa, ku fara da naushi ɗaya tak, ku ɗauke shi ta kusurwa uku, ku zauna ku duba wacce ta ɓoye tazarar.