Danshi a tsohon gida a Lacock: me ya sa siminti ba magani ba ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina haya a wani tsohon gidan dutse a ƙauyen Lacock da ke Wiltshire a Ingila. Tun shigowar hunturu bangon ɗakin yarana yake tsattsafo da danshi, funfuna ta yi baƙi ƙirin a kusurwa. Wani magini ya ce zai kankare tsohon yaɓen, ya yi filastar siminti, ya ɗura wa bangon sinadarin hana ruwa. Shin in ba shi aikin? Lafiyar yaran ce ta hana ni sukuni.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ki bari ya taɓa bangon nan. Tun 1944 Matilda Talbot ta miƙa babban gidan Lacock Abbey da galibin gidajen ƙauyen ga ƙungiyar National Trust mai kula da wuraren tarihi, kuma da yawansu suna cikin rajistar gine-ginen tarihi, don haka mai yiwuwa gidan da kike haya yana cikinsu. A ƙarƙashin dokar kare gine-ginen tarihi ta 1990, sauya fasalin irin wannan gini ba tare da izinin ƙaramar hukuma ba laifi ne, ko da a cikin ɗaki aka yi.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wannan imani da nake cin karo da shi kullum, wai siminti ya fi ƙarfi, don haka ya fi kyau. An ɗaure duwatsun waɗannan gidaje ne da kwaɓin farar ƙasa da yashi, wanda yake shan ruwa idan an yi ruwan sama, ya sake shi idan iska ta kaɗa. Siminti kuwa yana toshe wannan hanya, ga shi ba ya lanƙwasa, sai ya tsage, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa mafita. Idan sanyi ya tsananta ruwan ya daskare, fuskar dutsen ta riƙa ɓarewa, bakin katakon da aka dasa a bango ya ruɓe a ɓoye. Duk wanda ya ga ginin tubali a Kano ko Zariya da aka cire wa makuba aka lulluɓe da siminti, ya ga yadda filastar take kumbura ta faɗo da ƙasar bango. Masu tallar sinadarin nan kuwa, su ne suke auna bangon, su ne suke sayar da maganin, ina za su ce miki bangonki lafiya lau?

Ki sanar da mai gidan a rubuce tare da hotuna, domin gyaran haƙƙinsa ne, ki nemi a duba magudanar ruwan rufi da tudun ƙasar da ke jingine da bangon ta waje. Kafin nan ki janye gadon yaran daga kusurwar, ki riƙa buɗe taga, ki daina shanya a ɗakin, kuma idan sun fara tari ki kai su wurin likita.