Wane ne Farfesa DeBaun, kuma me ya haɗa shi da yaranmu masu sikila?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni ɗalibar likitanci ce a Kano. Duk ranar da muka shiga ɓangaren yara masu sikila sai malamanmu sun ambaci Farfesa Michael DeBaun. Wane ne shi, kuma wane bincike ya yi har sunansa ya iso nan?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. DeBaun Ba'amurke ne, likitan yara da ya ƙware kan cututtukan jini. Ya daɗe a Jami'ar Washington da ke St. Louis, a 2010 ya koma Jami'ar Vanderbilt a Nashville. Yawancin aikinsa a kan abu ɗaya yake: yadda sikila ke lalata ƙwaƙwalwar yaro.

Kin san idan ba a ɗauki mataki ba, kusan 11 cikin 100 na masu sikila mai tsanani suna gamuwa da shanyewar ɓarin jiki kafin su kai shekara 20. To akwai wata ɓarnar da ta fi wannan yawa, wadda ido ba ya gani. Jini ya yanke wa wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa, yaro yana tafiya lafiya lau, baki bai karkace ba, sai dai karatu ya fara gagararsa. A gida a ce daƙiƙi ne, a makaranta a yi ta dukansa. Sai hoton MRI ke tona asirin. DeBaun ya jagoranci gwajin da ake kira SIT, aka raba yara 196 masu irin wannan ɓarnar gida biyu, aka bi su shekara uku. Waɗanda ake yi wa ƙarin jini kusan kowane wata, 6 cikin 100 ne ɓarnar ta sake samu. Waɗanda aka zuba wa ido kawai, 14 cikin 100. An buga sakamakon a mujallar New England Journal of Medicine a 2014.

Amma a ganina, aikin da ya fi nauyi a nan ƙasar aka yi shi. Tun 1998 gwajin STOP, wanda Robert Adams ya jagoranta, ya nuna cewa idan aka auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na'urar TCD, aka ga ya kai santimita 200 a daƙiƙa, ƙarin jini akai-akai yana rage haɗarin shanyewa da kusan kashi 90. Madalla. Sai dai ke da kanki kin ga wahalar samun leda ɗaya ta jini, balle a ce duk wata, shekara da shekaru, ga kuma sinadarin ƙarfe da ke taruwa a jiki saboda yawan ƙarin jinin. Shi ya sa DeBaun da abokan aikinsa na Kano da Kaduna suka sauya tambayar: shin ƙwayar hydroxyurea za ta iya tsayawa a madadin jinin?

Dakta Najibah Galadanci ta fara gwada yiwuwar hakan a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Daga nan aka yi babban gwajin SPRING da yara 220 masu haɗarin shanyewa, aka kwatanta miligiram 10 da miligiram 20 a kan kowane kilo na nauyin yaro a kullum. Ba a ga bambanci wajen shanyewa tsakanin biyun ba, sai dai masu shan 20 sun fi ƙarancin kwanciya asibiti. Sakamakon ya fito a mujallar Lancet Haematology a 2022, kuma ki lura, sunan Shehu Abdullahi na Kano ne a gaba a jerin marubutan. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sau nawa muka ga an zo an kwashi samfurin jini an tafi, ba a bar mana ko mai iya sarrafa na'ura ba?

Kada ki karanta rahoton SPRING ido rufe. Babu rukunin da aka hana magani, domin ba zai halatta a bar yaro mai haɗari haka nan ba, don haka ƙarfin hujjar yana da iyaka. Wasu ƙwararru kuma suna ganin gara a riƙa ƙara adadin maganin har iyakar abin da jikin yaro zai ɗauka. Ki fara da SPRING, ki duba yadda suka zaɓi yaran, sannan ki roƙi malaminki ya bar ki ki tsaya ranar da ake awon TCD.