Amsa ga 'yar'uwar da ɗanta ke yawan haɓo

Sannu 'yar'uwa, Allah Ya ba yaro lafiya. Da na ga kin ce ɗanki mai shekara 6 haɓo ya matsa masa har cikin barci, kina kwantar da shi rigingine kina cusa masa auduga, sai da gabana ya faɗi, don irin wannan na sha da 'yata.

Don Allah ki daina kwantar da shin nan. Mu wani mai kemis ne ya ce a ɗaga mata kai sama, ya dinga yi mata allura yana karɓar kuɗi, wai jininta ne ya tsinke. Wani dare da hunturu, ashe jinin maƙogwaro yake gangarawa tana haɗiyewa, can sai amai, jini baƙi guda-guda a kan tabarma. Babanta ba ya gari, ba wuta, daga ni sai fitilar waya, ƙannenta na ta kuka. Na ɗauka wani abu ne ya fashe a cikinta. Da safe na koma wajensa, ko sannu mutumin nan bai ce ba, wata allurar ya ɗauko. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Likitan hanci ne ya nuna min yadda ake yi. Ki zaunar da shi, ya ɗan sunkuyo gaba, ki matse wajen taushin hancin, ba ƙashin sama ba, minti 10 cur, ban da saki ana leƙawa. Ya yi numfashi ta baki, abin da ya zo bakin ya tofar. Jijiyoyin gaban hanci sirara ne, bushewar iska da sa yatsa ke fasa su. Audugar nan ma in kin zare, da ɓawon ciwon take fitowa, jini ya dawo sabo.

Ki yanke masa farce, ki ɗan shafa Vaseline a cikin ƙofar hancin safe da dare. Kar a ba shi asfirin.

In ya kai minti 20 bai tsaya ba, ko kika ga idonsa da tafinsa sun yi fari, ko dasashi na jini, ko tabon taruwar jini ba tare da ya bugu ba, ku tafi asibiti a gwada jininsa. Tawa dai ɗan ƙona jijiyar aka yi da magani a kan tsinke, muka samu sauƙi.

Ta ƙofa ɗaya yake yi kullum? In akwai majina mai wari, a duba ko ya tura wake ko dutsen wuya.