Amsa ga mai tambayar farin kai a shinkafa

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce irin shinkafa FARO 44 ka dasa a fadamar Argungu, ka yi feshi sau uku, ka ƙara yuriya, amma zangarniya na fitowa fara fat babu ƙwaya. Allah ya mayar da alheri. Babu abin da ke karya zuciya kamar a ja zangarniya ta zaro salalam, gindinta a cinye, a tsaga kara a iske tsutsa kwance cikin kashinta, ga bashin taki da na man inji na jira. Mai shagon da ya ce ka ƙara kwalba kuwa, Allah ya isa, ya san maganin da ke kan ganye ba ya kai wa tsutsar da ta riga ta shige kara.

Shinkafa fa tana da nata makamin. Kaifin nan na ganye da ke yankar hannu lokacin cira, sinadarin yashi ne (silika) da take tsotsa daga ƙasa ta jera a jikinta, shi ke dakushe bakin tsutsa. Yuriya idan ta yi yawa sai kara ya yi laushi da ruwa-ruwa, ganye ya yi kore shar, uwar tsutsar ta samu wurin zuba ƙwai. Kai da kanka ka buɗe mata ƙofa. Buhu 2 na yuriya a hekta ya isa bayan takin kamfa (NPK), a raba biyu: sati 3 bayan dashe, sauran wajen sati 6 zuwa 7. Ɓuntun da ake tarawa a bayan injin casa, a ƙona shi a watsa tokar kafin kaftu, yashin nan yake mayar wa gona.

Kuma idan tsutsa ta fara ci, shukar kan fitar da wani ƙamshi mai kiran ƙananan ƙwari dangin zanzaro, su zuba ƙwansu a jikin tsutsar ta mutu. Feshin nan uku su ya fara kashewa, da gizo-gizon da ke saƙa tsakanin layuka. Tun shinkafar tana ƙarama ma, in tsakiyar wasu ya bushe, kada a firgita, tana fitar da sababbin 'ya'ya ta cike gurbin. Bayan ta yi ciki ne asarar ba ta maiduwa.

In dole sai an fesa, ƙwallon dogon yaro: a ɓare, a daka giram 50 ga kowace lita, wato kusan 750 a tankin baya mai lita 15. Ya kwana a jiƙe, a tace da ƙyalle sau biyu don kada ya toshe bakin famfo, a sa ɗan sabulu. Da yamma ake fesawa, rana na kashe ƙarfinsa, kuma duk sati, tun tsutsa na waje.

Bayan yanka kada ka bar kututture tsaye, can take ɓuya. Kafce shi, ka sakar masa ruwa, ka ce wa maƙwabtanka su ma su yi.