Tambaya da Amsa: An gayyace ni zaman makokin maƙwabcina Bayahude

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a unguwar Prestwich da ke arewacin Manchester a Ingila. Maƙwabcina, wani dattijo Bayahude, ya rasu ranar Lahadi, washegari aka binne shi. Shi ya ranta mini kuɗin da na sayi motar da nake haya da ita, ba ruwa ko sisi, ya kuma ce kada in gaya wa kowa. Sai bayan rasuwarsa na ji cewa ya fi shekara 20 yana cikin masu yi wa mamatansu wanka kyauta. Ɗansa ya ce in zo “shiva”. Me ake yi a wurin? Me zan kai, me zan ce? Kuma zan iya faɗin maganar rancen?

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba ka haƙurin rashin maƙwabci nagari. Ka je, ɗan'uwa, kuma kada ka yi jinkiri, domin “shiva” a harshen Ibrananci na nufin bakwai, wato kwana 7 na zaman makoki daga ranar da aka binne mamaci. Ka kauce wa yammacin Juma'a zuwa daren Asabar, ranar hutunsu ce, ba sa zaman makoki a fili.

Na taɓa shiga irin wannan gida sau ɗaya a Landan, abin da na gani bai fita raina ba. An lulluɓe madubin falo da farin ƙyalle, kyandir na ci a kan tebur, 'ya'yan mamacin na zaune a wasu gajerun kujeru kusa da ƙasa. Babban ɗan yana sanye da riga yagaggiya daidai saitin zuciya, da gangan aka yaga ta. Na shiga da gaisuwa cike da baki, wani tsoho ya dafa kafaɗata ya nuna mini kujera. A al'adarsu baƙo ba ya fara magana, sai mai makoki ya fara. Sun samo wannan daga labarin Annabi Ayuba a littafinsu, inda abokansa suka zauna da shi kwana 7 ba wanda ya ce uffan. In an yi maka magana, Yahudawan Ingila kan ce wa mai makoki suna yi masa fatan tsawon rai. Ka faɗi haka, ya wadatar.

Kada ka kai furanni. Kada kuma ka kai girkin gida, saboda ƙa'idojin abincinsu na “kosha” masu tsauri ne. 'Ya'yan itatuwa sun isa. Da yamma za ka ga sun taru, aƙalla mutum 10, don ɗan ya karanta addu'ar Kadish, wadda zai ci gaba da yi wa mahaifinsa har wata 11. Kai dai ka zauna shiru a gefe, ba wanda zai ce ka sa baki.

Aikin da dattijon ya yi kuwa ba ƙarami ba ne a wurinsu. Ƙungiyar masu wankan gawa suna kiranta Hebra Kadisha, su ke wanke mamaci su sa shi cikin farin likkafani marar aljihu, attajiri da talaka iri ɗaya. Suna kiran hidimar “alheri na gaskiya”, don wanda aka yi wa ba zai taɓa ramawa ba. Rancen da ya ba ka ma daga koyarwarsu ta taimako ya fito. Malaminsu Musa bin Maimun, haifaffen Ƙurɗuba ta ƙasar Andalus da ya rasu a Masar a 1204, ya jera sadaka hawa 8, ya sa a ƙololuwa taimakon da zai sa mutum ya tsaya da ƙafarsa, ta hanyar rance ko sana'a ko haɗin jari. Motar nan taka ita ce wannan hawan.

Maganar sirrin ita ta fi tsaya mini a rai. A ganina ya hana ka faɗa ne don ya kare mutuncinka, ya kuma guje wa yabo. Yabo ba zai same shi yanzu ba, amma ɗansa na buƙatar jin wane ne mahaifinsa. Masu shiva ba abin da suke so kamar labarin mamaci da ba su taɓa ji ba. Ka matsa kusa da shi, ka faɗa masa a hankali, ba a gaban taro ba. In da sauran bashi, ka ambata bayan kwanakin sun wuce.

In kana son yin sadaka don tunawa da shi, sukan ba da 18 ko ninkinsa, kamar fam 36, domin haruffan kalmar “rai” a Ibrananci lissafinsu 18 ne. Nan da wasu watanni za su kafa dutsen kabari, mai yiwuwa su sake kiranka. Ran nan ka tsinci ɗan ƙaramin dutse ka ɗora a kan kabarin, haka suke nuna cewa wani ya zo.