Re: Zan koma Ingila, ya zan yi da maguna na biyu?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce nan da wata biyar za ki bi maigida Ingila kuma kin rasa yadda za ki yi da magunanki biyu, wallahi na ji miki, nima sai da na yi kuka ranar da na rabu da tawa.

In tafiya da su kike so to ki fara yau yau ɗin nan don lokaci ya ƙure. Likitan dabbobi zai fara sa musu ɗan cif ɗin nan na shaida a ƙarƙashin fata, sannan allurar haukan kare, kar a juya tsarin, bayan kwana 30 a ɗebi jini a kai gwaji, daga ranar ɗibar jinin kuma sai kin jira wata 3 cur tunda Najeriya ba ta cikin ƙasashen da Ingila ta sassauta wa. In aka kuskure abu ɗaya killace su za a yi, yana iya kaiwa wata 4 kuma ke za ki biya. Sannan ba a shiga Ingila da mage a cikin fasinjan jirgin sama, ta kago, wato ɓangaren kaya, ake kai su. Ki tambayi mai gidan hayar ma, da yawa ba sa yarda da dabba.

Ni dai ƙanwata na bar wa tawa. Wata guda kafin tafiya na kai ta da kwanonta da tsohon zanin da take kwanciya a kai, aka kulle ta a ɗaki sati biyu har ta saba. Don Allah kar ki raba su biyun, kuma kar ki bari a zubar da su a kasuwa.